Yaƙin Kamaruddeen da Zumar Rumbun Surukinsa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji rumfar Kamaruddeen a Tudun Ɗinya ya san yadda abin yake. Ka kai ta da hantsi da rabin wuta, ka dawo daga gona da la'asar ka tarar saura kwata, ta yi zafi kamar an tsamo ta daga kaskon ƙosai. In ka yi magana ya ce sola ce yau ba ta samu rana ba, alhali kai da ka wuni a waje ranar ta kusa soya maka ƙeya. Ba wanda bai san inda wutar take zuwa ba. Gem ne, wasan nan na cikin waya. Mutum ya haura arba'in, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ga 'ya'ya huɗu, amma babu wayar da za ta shiga hannunsa bai duba irin gem ɗin da ke cikinta ba. In ya tarar babu, ya tura mata nasa, fisabilillahi.

Bugawar ma da sauƙi. Sharhin ne ya ishi mutane. Rumfarsa tana manne da teburin Sabiru mai shayi, saboda haka duk wanda ya zauna shan shayi sai an haɗa masa da darasi, ko ya nema ko bai nema ba.

"Ƙwallo da tseren mota ku bar wa marasa aikin yi," in ji shi wata safiya, yana danna wayar wani bawan Allah da ya tafi kai taki. "Gem na masu hankali shi ne wanda za a ba ka mutum tun yana faƙiri, daga shi sai sanda da ɗan kamfai, ka yi ta rainonsa yana kashe ɓeraye, har ya kai ya sare kan dodo. Wannan ita ce tarbiyya."

"Naka huɗun da ke gida fa?" in ji Sabiru. "Wa ke rainonsu?"

"Waɗancan ba sa ƙara mataki da wuri." Ya gyara zama. "Amma ba kowanne ne mai kyau ba. Akwai wani na masu gashi tsaitsaye kamar tsintsiya, idanu kamar faifai. Sai ka yi rabin awa kana danna surutu kafin a bar ka ka mari ko da kwaɗo ne. Sarki ya yi jawabi, 'yar sarki ta yi kuka, wani tsoho ya kawo tarihin kakansa. Ni yaƙi na zo ko zaman makoki? Akwai kuma na doki. Duniya guda aka ba ka, duk inda ka ga dama ka nufa. Yana da kyau, ban hana shi ba, amma an cika ƙarya. Doki ya wuni yana sukuwa, ba ciyawa, ba kanwa, ko kashi ba ya tsayawa yi."

Muhammad Auwal mai kemis, wanda kowa ke kira Auwalu, ya ajiye kofinsa. "Wanda na gan ka kana yi rannan fa, kana shiga gidajen mutane?"

"Shi ne na biyu a wurina. Ka shiga duk gidan da ka so, ka buɗe adaka, ka fasa tukwane, abin da ka samu naka ne. Ko igiya ce ka ɗauka, wata rana za ta yi amfani."

"Da sallama ake shiga?"

"Ba sallama."

"Matar gidan tana ina?"

"Tana tsaye tana kallonka. In ka yi mata magana ta ce maka yau garin da sanyi."

"Allah Ya kai ka gidan Iya Hure mai daddawa ka gwada," in ji Sabiru.

"Na ɗaya kuwa," Kamaruddeen ya ɗaga yatsa, "shi ne na yaƙin bi-da-bi. Ka kai sara, ka koma ka tsaya. Abokin gaba ya kai nasa, shi ma ya koma ya tsaya. Kana da lokacin tunani. Ko shayi ka ga dama ka sha, yana nan yana jiranka. Kuma in ka lura duk wani yaƙi a duniya haka yake tafiya, mutane ne ba su da natsuwar ganewa. Ni na gane. Dodanni nawa na kashe? Na ruwa, na wuta, na ƙashi zalla. Ban taɓa gudu ba."

"A waya," in ji Auwalu.

"Dabara ai dabara ce, ko a ina."

Ba a yi mako da wannan magana ba Allah Ya kawo wurin gwaji.

Surukin Kamaruddeen, mahaifin matarsa Tahira, shi ne Baba Kallamu. Tun kakansa da ya taso daga ƙasar Barno gidansu ke riƙe da wani irin gero, gajere, mai saurin nuna, wanda ba ka samunsa a kasuwar Tsanyawa balle Ɗambatta. Kowace kaka Baba Kallamu zai zaɓi zangarnun da suka fi kyau da hannunsa, a sussuke, a gauraya da toka, a ɗura a wani babban gora, a toshe bakin da totuwar masara, a ajiye cikin rumbu. Gora ɗaya ne tak. In ya salwanta, irin ya tafi ke nan har abada.

To bana, saura mako biyu ruwa ya sauka, zuma ta duba duk faɗin ƙasar nan ba ta ga inda ya yi mata ba sai ƙarƙashin jinkar rumbun nan. An gaya wa Malam Abdulrashid mai cire zuma. Ya ce gobe. Goben ta yi ya ce jibi. Jibin ta yi aka yi masa rasuwa a Gezawa, ya tafi, ya ce sai bayan sadakar bakwai. Ranar Talata da asuba sama ta tsage da ruwan shuka. Gari na wayewa kowa ya saɓa sungumi ya nufi gona. Baba Kallamu kaɗai aka bari zaune a ƙofar gida, yana damƙar ƙasa a hannu yana auna kwana nawa danshin zai yi.

Kamaruddeen ya ji labari, ya ajiye wayar mutane. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa.

"Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne. Kafin azahar gora yana hannunka."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ka taɓa cire zuma, Malam Kamaru?"

"Na cire abin da ya fi zuma, Baba."

Baba Kallamu bai tambayi ko mene ne ba. Ya sake damƙar ƙasa, ya ga ta fara warwarewa. "To. Abu ɗaya. Kar a kawo mini wuta kusa da jinka. Abincin gidan nan duk yana ciki."

"Hayaƙi ai na 'yan koyo ne, Baba."

Da ya koma gida neman kayan aiki, Tahira ta tare shi a bakin madafi.

"Malam, in wasa ne ka yi shi a wayar mutane. Wannan irin ya girme ni ya girme ka. In wani abu ya same shi Baba ba zai yi faɗa ba. Shiru zai yi. Ka kuma san shirun Baba."

"Ke dai ki wanke babban kwano, zuma za ta zo. Ina rariyar tankaɗenki?"

"Me za ka yi da ita?"

"Ba a gaya wa mata sirrin yaƙi."

Abu na farko a ƙa'idarsa shi ne bincike. A gem ba ka afka wa dodo sai ka tambayi mutanen gari, kuma duk mai hankali ya san ba a tambayar farko suke faɗin gaskiya ba. Ya nufi wurin Iya Hure mai daddawa, wadda katanga ɗaya ta raba ta da Baba Kallamu. Ya tarar da ita tana shirin tuƙa tuwo.

"Iya, me kika sani game da zumar nan?"

"Tana harbi."

Ya ja da baya taku uku, ya dawo. "Iya, me kika sani game da zumar nan?"

"Ka kurmance ne? Na ce tana harbi."

Ya sake ja da baya, ya sake dawowa. Bai kai ƙarshen tambayar ba muciya ta taho ta same shi a kafaɗa. Ya sunkuya ya ɗauke ta, fuskarsa cike da murna.

"Kun gani ko?" ya ce wa mutum biyu da suka tsaya kallo. "A ta uku ake ba da makami."

"Ka dawo mini da muciyata, ɗan banza, ruwa ya tafasa."

Ya riga ya yi nisa.

Abu na biyu shi ne ƙara ƙarfi. Ba a zuwa wurin babban dodo da matakin farko. Ya je bakin rumfar mahauci ya yi ta bugun ƙudaje da muciyar Iya Hure, ya rushe gidan zanzaro guda biyu a bangon masallaci, ya take jerin tururuwa. Rana tana ta hawa, ƙasa tana ta shanyewa, shi kuwa yana ta tara mataki. Sai da ya ji a jikinsa ya kai na biyar sannan ya tsaya.

Abu na uku runduna. Ya ɗauki Sabiru a matsayin mai garkuwa, saboda faɗin ƙirjinsa, ya ba shi murfin babbar tukunya. Sabiru ya yarda, don yana son ya ga abin daga kusa. Ya ɗauki Auwalu a matsayin mai magani, da man zafi da ƙwayar ciwon kai a aljihu. Ya nemi maharbi bai samu ba, ya ce za a yi maneji.

"Kai kuma mene ne naka?" in ji Sabiru.

"Ni ne mai tunani. Ni ake karewa."

Sai sulke. Ya aro hular kwano wurin wani ɗan acaɓa. Ya ɗaura rariyar Tahira a fuska da tsumma. Ya huda buhun taki biyu ya zura ɗaya kan ɗaya. Ya sa tsohuwar safa a hannuwa. Daga ƙugu zuwa sama ko allura ba ta da hanya. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa wandonsa ne na kullum, mai faɗin ƙafa, yana kaɗawa a iska.

"Ƙafar wandon fa?" in ji Auwalu. "Kawo in ɗaure maka."

"Bar shi. Ba a kai hari ta ƙasa. Duk saran da na taɓa gani daga ƙirji yake zuwa sama. Kai dai ka tsaya a bayana, in ka ga jinina ya ragu ka miƙo ƙwaya."

"Ta yaya zan san ya ragu?"

"Za ka gani a tafiyata."

Lokacin da rundunar ta isa, masu shuka sun fara dawowa shan fura. Labari ya riga su. An kwashe mata da yara zuwa maƙwabta, maza kuwa sun jeru a kan katanga kamar an zo kallon dambe. Baba Kallamu yana zaune a zaure.

Aka jingina tsani. Kamaruddeen ya taka matakala ta farko, Auwalu ya riƙo buhunsa.

"Tsaya. In abin ya ɓaci fa?"

"Sai a sake daga farko."

Daga cikin zaure muryar tsohon ta fito a hankali. "Goran ɗaya ne, Malam Kamaru."

"Na sani, Baba. Sabiru, garkuwa gaba."

Ya hau. Ya sa kan muciya ya ɗaga gefen jinka. Ga saƙar zuma nan a rataye, baƙi ƙirin da ƙudanta, tana wani irin gunji ƙasa-ƙasa. Ya ja numfashi, ya auna, ya kai mata duka ɗaya mai kyau. Sannan ya sauko matakala ɗaya, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya waiwayo wurin 'yan kallo.

"Na yi nawa. Yanzu nasu ne. Ku lura, guda ɗaya za su turo."

Ashe zumar Tudun Ɗinya ba ta taɓa buga gem ba. Ba wanda ya yi mata bayanin bi-da-bi. Ta fito gaba ɗaya, har da wadda ba ta da lafiya.

Mai garkuwa ne ya fara nuna gwaninta. Ya kifa murfin tukunya a kansa, ya haure katangar da rabonsa da haura irinta tun yana saurayi. A wurin juyawa ya bangaji tsani. Mai magani kuwa ba wanda ya ga fitarsa, sai ƙwayar ciwon kai da aka tsinta daga baya a bakin zaure. Katanga ta zama wayam. Tsani ya yi gefe, mai tunani ya rungumi bakin rumbu, ya yi ta harbin iska, sannan ya zurma ciki da ka.

Na ɗan lokaci ba a jin komai sai gunjin zuma da ƙarar hular kwano tana gwaruwa da bango. Sannan kaya suka fara fitowa ta sama. Rariya ta hana shi gani, duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya cillo, tunda ba a barin komai. Tsohuwar fitila ta fito. Igiyar guga ta biyo. Wani takalmi ƙafa ɗaya da aka yi shekara uku ana nema ya sauka a tsakar gida.

"Gora," in ji Baba Kallamu, wanda ya ja rigarsa ya lulluɓe kai bai motsa daga zaure ba. "Gora, Malam Kamaru. Yana kusurwar gabas."

"Rumbu ba shi da kusurwa, Baba," in ji wata murya daga ciki, a shaƙe.

Allah da ikonSa, ya lalubo shi. Ya taka dammunan dawa ya ɗago, ya zuro ƙafa ɗaya waje, ya diro. A wurin fitowa totuwar da ta toshe bakin gora ta maƙale a gefen rumbu ta fita. Bai sani ba. Ya matse gora a hammata, bakinsa yana kallon baya.

A daidai nan zuma ta gama binciken sulken. Ta gwada hular kwano ba hanya. Ta gwada rariya ba hanya. Ta gwada buhu ba hanya. Sai wata daga cikinsu ta leƙa ƙasa, ta ga ƙofa biyu a buɗe, ta je ta sanar da sauran.

Mutumin da bai taɓa gudu ba ya ratsa zaure ta gefen surukinsa kamar an harbo shi daga danƙo.

Yana fitowa kan hanya ya yi kiciɓis da Inna Amsa, matar Baba Kallamu, uwar Tahira, tana dawowa daga famfo da ɗan bokitinta. Ita kaɗai ce ba a gaya wa an fara ba. Shekara goma sha bakwai ke nan da auren Kamaruddeen, bai taɓa wuce ta a tsaye ba. Kansa bai ba da umarni ba, ƙafafunsa ne suka yi aikinsu. Ya ja birki, ya watsar da takalma, ya durƙusa.

Duk wanda ya taɓa durƙusawa ya san abin da wando ke yi a cinya. Matsewa yake yi. Baƙin da ke ciki ba su ji daɗin hakan ba.

"Ina wuni, Inna."

Inna Amsa ta ga baƙin gajimaren da ke kansa, ta ja mayafi ta lulluɓe ruf, ta tsaya cak kamar turmi. Zuma ba ta cika kula wanda ya tsaya ba. Kuma gaisuwar suruki ba a gutsure ta.

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Lafiya, Inna."

"Ya ruwa?"

"Ya yi gyara, Inna."

"Madalla. Khaulat ta warke daga tarin?"

"Ta warke, Inna."

"An ba ta sauran maganin dai ko?"

Amsar da ya bayar ba da Hausa ba ce. Ya yi sama kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya ci gaba da abin da ya fito yi. Kowa a lokacin ta kansa yake yi, an rufe ƙofofi, an ja labule, ba wanda ya ga hanyar da ya bi. Abin da aka sani shi ne, can bayan la'asar, da ƙura ta ɗan lafa, an same shi a tsakiyar kududdufin bayan gari, ruwa iya wuya, wandonsa yana rataye a kan ƙaya a bakin gaɓa, hannunsa ɗaya a sama riƙe da gora kamar tuta.

Baba Kallamu ya zo da sandarsa. Aka miƙo masa gora. Ya ji shi sakayau. Ya girgiza, ya kifa a tafin hannu. Toka ta zubo, da ƙwayar gero da ba ta kai a jefa wa ɗan tsako ba. Ya daɗe yana kallon tafinsa. Bai ce komai ba. Ya juya ya tafi gida.

Zuma ta riƙe gari har la'asar. Ko kaza ba ta fito ba. Da yamma aka sake maka wani ruwan, kowa ya ce alhamdu lillahi, ban da gida ɗaya.

Kwana biyu Kamaruddeen yana kwance rubda ciki, Tahira tana shafa masa abin da Auwalu ya aiko, ba ta ce masa ko sannu ba. A rana ta uku ya fito rumfa. Bai iya zama ba, a tsaye ya ba da bayani.

"Mutane ba su gane abin da suka gani ba. Ba gudu na yi ba, janye su na yi daga rumbu. Dabara ce sananniya, ka jawo dodo zuwa inda ba shi da ƙarfi. Zuma ba ta son ruwa, saboda haka na nufi ruwa. A natse na tafi, miƙe, ko waiwaye ban yi ba. Da mai garkuwa ya tsaya a wurinsa da tuni an wuce wurin."

"Mai garkuwa yana da iyali," in ji Sabiru, wanda kunnensa ɗaya ya yi biyun ɗayan.

"Irin fa?" in ji Auwalu.

Kamaruddeen ya rage murya. "Ba na son in faɗa saboda girman Baba. Amma goran nan tun da na ɗauke shi na ji ba nauyi. Ɓeraye ne suka riga mu. Tsufa ne, mutum sai ya manta bai toshe da kyau ba."

Maganar ta zaga gari, ta shiga gidan Baba Kallamu, ta fito ba a ce mata komai ba.

Ranar Asabar da sassafe Iya Hure ta fito sharar ƙofar gida, ta ga wani abu kore siriri ya fito daga zauren maƙwabcinta ya hau hanya. Ta sunkuya ta duba. Ta ajiye tsintsiya ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin rana ta ɗaga rabin gari yana wurin. Gero ne ya tsiro, layi guda, kamar an ja shi da alli. Ruwan yammacin Talata ya binne shi, ƙasa kuma ba ta san karar kowa ba.

Aka aika a kira Kamaruddeen. Ya zo yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a wando. Ya tuɓe takalmi zai durƙusa, Baba Kallamu ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi, na san da ciwo. Zo mu ga aikin ɓerayen nan."

Tsohon ya shige gaba da sandarsa, jama'a na biye. Layin ya bar ƙofar gida ya yi gabas. Kududdufi kuwa yamma yake.

"A natse, miƙe," in ji Sabiru daga baya.

Layin ya isa gindin tsamiya ya zagaye ta. Baba Kallamu ya bi da kan sanda. Zagaye ɗaya, biyu, uku.

"Wannan ɓeran yana da juwa," in ji Iya Hure.

Daga nan ya ratsa ta ƙarƙashin teburin Sabiru, ya fito ta ɗaya gefen. Ya nufi masallaci, ya ga kamar ba zai yi ba, ya yi kwana. A wani wuri tsiron ya yanke, sai can gaba da kusan taku biyar ya ci gaba.

"Nan tashi ya yi," in ji Auwalu. "Wannan mataki na nawa ne, Kamaru?"

Kamaruddeen ya buɗe baki ya ce ai zuma ana rikita ta ne da kwana-kwana, amma dariya ta danne shi. Aka bi layi har bakin kududdufi, inda ya yi siriri ya ƙare. Sannan Baba Kallamu ya juyo ya dawo da jama'a baya, kusa da gida, wurin da ya tsallake da gangan tun farko. A nan tsiron bai yi layi ba. Ya taru wuri guda, cunkus, kamar an kifar da kwano.

"Nan fa? Me ya tsayar da ɓeran?"

Ba wanda ya sani. Sai daga bayan mata aka ji muryar Inna Amsa ta cikin mayafi.

"Nan ya tsaya ya gaishe ni."

Baba Kallamu ya gyaɗa kai, ya yi murmushi. Rabon da a ga haƙoransa tun kafin ruwa ya sauka.

"To, ko ba komai yaron yana da ladabi. Nan ne ma ya fi yawa." Ya juyo. "Malam Kamaru, wannan da kake gani shi ne abin da ya rage na irin kakana a duniya. Sai ya yi mako uku kafin ya isa dashe. Awaki an ɗaure su, amma akwai kaji, akwai babur, akwai amalanke. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, daga ƙofar nan zuwa kududdufi, gonarka ce."

"Baba, aikin nan yana buƙatar runduna. Aƙalla mutum huɗu."

"Kai kaɗai ka shuka."

Haka aka yi. Mako uku cur duk wanda ya ratsa Tudun Ɗinya sai ya ga dattijo da kara a hannu yana sintiri a tsakiyar hanya, yana zagaya tsamiya sau uku, yana roƙon masu babur su bi ta gefe. Irin bai ɓace ba. Abin da ya tsira aka ciccire aka dasa a gonar bayan gida, ya isa a cika gora bana, ko da ba a ci ko loma ɗaya ba.

Abin da ya rage yawan tsiron kuwa ba babur ba ne. Inna Amsa ce. Matar da a da sau ɗaya take zuwa famfo, yanzu sau shida take wucewa a wuni, alhali randarta a cike take. Kowace wucewa sai ya yar da kara, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan ciwonsa. Ita kuma ta tsaya ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa, ta tambayi yara huɗu ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Kajin gari har sun gane mayafinta. Suna hango shi sai su taho kan tsiron.